Faɗaɗa Guraben Karatu a Lokacin Tsuke Bakin Aljihu: Nazari a Kan Babban Birnin Tarayya, Abuja

Tsakure

Wannan maƙala ta dubi yadda za a samar wa matasa guraben karatun gaba da sakandare a daidai lokacin da kuɗin gwamnati suka yi ƙaranci, ta ɗauki Babban Birnin Tarayya a matsayin fagen nazari. Ta nuna cewa a Nijeriya cunkoson masu neman gurbi yana tafiya tare da makarantun da babu mai nemansu, saboda haka ƙara yawan makarantu ba zai kawar da matsalar ba. Ra'ayin maƙalar shi ne a zuba ɗan abin da ake da shi wajen ƙarfafa makarantun da ke akwai, a kuma haɗa su ta yadda wanda ya fara daga kwaleji ko wurin koyon sana'a zai iya kai wa ga digiri ba tare da ya koma farko ba.

Gabatarwa

A ranar 13 ga Agusta, 2025, Majalisar Zartarwa ta Tarayya ta amince da dakatar da kafa sababbin jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da kwalejojin ilimi na tarayya har tsawon shekara bakwai. Ministan Ilimi, Dakta Tunji Alausa, ya kafa hujja da alƙaluman hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, JAMB: jami'o'i 199 ba su samu masu nema da suka kai ɗari ba, 34 daga cikinsu ko mutum ɗaya bai zaɓe su ba, haka nan kwalejojin ilimi 64. A wannan shekarar ce kuma matasa kusan miliyan biyu suka zauna jarrabawar shiga manyan makarantu, kuma ɗaruruwan dubbai daga cikinsu suka ƙare ba su samu gurbin da suke so ba.

Duk wanda zai yi magana a kan ilimi mai zurfi a ƙasar nan dole ya riƙe waɗannan alƙaluma biyu tare. Azuzuwa na zaune babu kowa a wani wuri, a wani wurin kuma ɗalibai na sauraren lacca daga bakin taga. Abin da ya yi ƙaranci shi ne gurbin da iyaye suka amince da shi, wanda aljihunsu zai iya ɗauka, wanda kuma takardarsa za ta yi wa yaro amfani bayan ya gama. Babu inda wannan ya fito fili kamar Abuja, inda hedikwatar JAMB take a Bwari, ta Hukumar Kula da Jami'o'i da ta asusun tallafa wa manyan makarantu, TETFund, suke a Maitama, amma 'ya'yan mazauna birnin ke fafutikar neman gurbi a jihohin maƙwabta.

Birnin da Ya Riga Makarantunsa Girma

Gwamnatin Janar Murtala Muhammad ce ta kafa Babban Birnin Tarayya da Doka ta 6 ta shekarar 1976, aka kuma dawo da fadar gwamnati daga Legas a ranar 12 ga Disamba, 1991. Ƙidayar 1991 ta samu mutanen yankin ba su kai dubu 400 ba. Zuwa ƙidayar 2006 sun haura miliyan 1.4, kuma tun daga lokacin kwararar jama'a ba ta tsaya ba. Kubwa da Lugbe da Nyanya da Karu da Gwagwalada sun cika sun batse, har ambaliyar ta tsallaka Mararaba da Masaka a Jihar Nasarawa, da Suleja da Madalla a Jihar Neja. Rashin tsaro a Arewa maso Gabas da Arewa maso Yamma ya ƙara turo iyalai masu yawa. 'Ya'yan ƙananan ma'aikata da direbobi da masu gadi da 'yan kasuwar da aka haifa a waɗannan garuruwa su ne yau ke kammala sakandare.

Me gwamnati ta tanadar musu? Jami'ar Abuja, wadda aka kafa a 1988, ta fara karatu a Gwagwalada a 1990, aka kuma amince da sauya mata suna zuwa Jami'ar Yakubu Gowon a Disambar 2024. Sai Kwalejin Ilimi ta Zuba, mallakar Hukumar Birnin Tarayya. Sai Buɗaɗɗiyar Jami'a ta Ƙasa, wato NOUN, mai hedikwata a Jabi. Kowace jiha tana da jami'arta da ke ba 'ya'yanta fifiko, amma maganar jami'ar kimiyya da fasaha ta Abaji ta shafe shekaru tana kai da kawowa tsakanin alkawari da kasafi. Jami'ar Abuja kuwa ta tarayya ce, kuma kasancewarta a babban birni ya sa ake rububinta daga kowane sashe na ƙasa. Tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 cikin ɗari ga cancanta, 35 ga yankin da jami'a ke yi wa hidima, 20 ga jihohin da aka bari a baya a fannin ilimi. A cikin irin wannan gasa, yaron Gbagyi ko Gade ko Gwandara ko Bassa da ya yi sakandaren gwamnati a Kwali ko Abaji yana karawa ne da wanda ya fito daga makarantar kuɗi mafi tsada a ƙasar. Waɗanda ba su samu ba sukan nufi Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi, ko kwalejojin kimiyya da fasaha na tarayya da ke Nasarawa da Bida, ko Kaduna, ko Minna.

Jami'o'i masu zaman kansu sun yawaita a birnin: Veritas a Bwari, Nile, Baze, da wasunsu. Sun rage wani nauyi, kuma bai kamata a raina gudummawarsu ba. Sai dai kuɗin shekara ɗaya a manyansu miliyoyin naira ne, alhali mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai wuce naira 840,000 a shekara ba. Gurbin da mai ƙaramin albashi ba zai iya saye ba, ba a lissafa masa shi.

Tushen Ƙarancin Kuɗi

Ja-in-ja a kan wa zai ɗauki nauyin karatu mai zurfi ya daɗe. Rahoton Kwamitin Ashby na 1960 ya ɗauki jami'a a matsayin jarin ƙasa, a kansa kuma aka gina jami'o'in farko, ciki har da Jami'ar Ahmadu Bello a 1962. Arzikin man fetur na shekarun 1970 ya sa aka ƙara jami'o'i aka kuma soke kuɗin koyarwa. Da kuɗin mai suka ja baya, ƙarin kwabo hamsin a kuɗin abincin ɗalibai ya haifar da zanga-zangar Afrilun 1978, aka rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. Daga nan gwamnatoci suka koyi tsoron taɓa kuɗin makaranta a fili, amma ba su koyi biyan abin da karatu ke ci ba. Shirin tsuke tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira da albashin malamai, a lokacin da Bankin Duniya ke jan hankalin ƙasashen Afirka su fifita firamare a kan jami'a.

Mafita mafi ɗorewa da aka samu ta fito ne daga yarjejeniyar gwamnati da ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta 1992, wadda ta haifar da harajin ilimi na kashi 2 cikin ɗari na ribar kamfanoni a 1993. Dokar 2011 ta mayar da asusun da ake tara harajin ya zama TETFund, ta keɓe shi ga manyan makarantu, daga baya aka ɗaga harajin zuwa kashi 3 a 2023. Duk wanda ya zaga jami'o'in gwamnati ya san kusan kowane sabon gini tambarin TETFund ne a jikinsa. To amma asusun gini yake yi, ya sayi kayan aiki, ya tura malamai ƙaro karatu. Ba ya biyan albashi, ba ya biyan kuɗin lantarki. Ga shi kuma a kasafin 2025 da Shugaba Bola Tinubu ya gabatar, ilimi ya samu naira tiriliyan 3.52 daga cikin tiriliyan 49.7, kimanin kashi 7 cikin ɗari, yayin da biyan bashi ya lashe sama da tiriliyan 15. Sanarwar Incheon ta 2015 ta ba da shawarar kashi 15 zuwa 20 na abin da gwamnati ke kashewa. Neman ƙarin kaso haƙƙi ne kuma dole a ci gaba da nemansa, amma mai tsara manufa ba zai jingina makomar yaran da ke kammala sakandare bana a kan kuɗin da ba su zo ba.

Hanyoyin da Aka Gwada da Inda Suka Tsaya

Hanya ta farko ita ce kafa sababbin makarantu. Gwamnatin Goodluck Jonathan ta kafa jami'o'in tarayya tara a 2011, ta ƙara uku a 2013 a Birnin Kebbi da Gusau da Gashuwa, gwamnatocin da suka biyo baya ma suka ɗora. Kowace sabuwar jami'a tana buƙatar shugaba da magatakarda da ma'aji da majalisar gudanarwa da motoci da katanga kafin ɗalibi ɗaya ya zauna a aji. Malamanta kuwa daga tsofaffin jami'o'i ake yaye su, ko a ɗauke su a matsayin masu ziyara, mutum ɗaya yana koyarwa a wuri uku. Bugu da ƙari, TETFund yana raba kasonsa na shekara daidai wa daida tsakanin jami'o'in da ke amfana: a 2024 kowace ta samu kimanin naira biliyan 1.9, mai ɗalibai dubu hamsin da mai dubu biyu. Wannan tsari yana saka wa mai ƙara allon suna, yana tauye mai ɗaukar ɗalibai.

Hanya ta biyu ita ce cusa ɗalibai ko buɗe kwasa-kwasai fiye da ƙarfin makaranta. Jami'ar Abuja ta ɗanɗana kuɗar wannan a 2012, lokacin da Gwamnatin Tarayya ta dakatar da karatun likita da likitan dabbobi da injiniya da aikin gona saboda rashin cika sharuɗɗan tantancewa. Ɗalibai sun yi zanga-zanga, wasu suka shafe shekaru suna jira, wasu aka rarraba su zuwa wasu jami'o'i. A wannan shekarar ce kwamitin binciken buƙatun jami'o'in gwamnati ƙarƙashin Farfesa Mahmood Yakubu ya bayyana halin da ɗakunan gwaje-gwaje da na kwanan ɗalibai ke ciki a faɗin ƙasa. Gurbin da aka ba yaro a kwas ɗin da babu malami babu kayan aiki, ɓata masa shekaru ne da kuɗin iyayensa. Yajin aikin ASUU na wata tara a 2020 da na wata takwas a 2022 ma rage gurbi suka yi ta wata fuska, domin duk zangon da ya salwanta yana tara rukuni biyu na sababbin ɗalibai a bakin ƙofa ɗaya.

Hanya ta uku ita ce ɗora nauyi a kan ɗalibi. Bayan cire tallafin man fetur a Mayun 2023, jami'o'in tarayya da dama sun ninka kuɗin rajista. Gwamnati ta amsa da asusun lamunin ɗalibai, NELFUND, wanda ya fara karɓar buƙatu a Mayun 2024, yana biyan kuɗin makaranta da naira 20,000 a wata, babu kuɗin ruwa. Wannan taimako ne na gaske ga wanda ya riga ya samu gurbi. Amma lamuni ba ya ƙara kujera a aji, kuma ɗorewar asusun ta dogara ne da samun aikin waɗanda suka ci bashin. Tarihin Jami'ar Makerere ta Yuganda, wanda Mahmood Mamdani ya yi wa nazari a littafinsa na 2007, gargaɗi ne: ɗaukar ɗalibai masu biyan kuɗi ya cika aljihun sassa, ya ninka yawan ɗalibai, amma bincike da ingancin koyarwa suka sha wuya.

Dalilin Cunkoso a Ƙofa Ɗaya

Iyayen da ke cewa "ko a sake JAMB sau uku, sai jami'a" ba jahilci ke damunsu ba. Sun ga yadda mai babbar difloma ke tsayawa a wani matakin aiki yayin da mai digiri ke wuce shi. Sun ga Majalisar Dokoki ta Ƙasa ta zartar da ƙudirin kawar da wannan bambanci a 2021 amma bai zama doka ba. Sun ga malamin firamare mai shaidar kwalejin ilimi, wato NCE, a Birnin Tarayya ya shafe sama da wata uku yana yajin aiki a 2025 kafin a saurare shi a kan mafi ƙarancin albashi. Sun ga a 2023 Hukumar Kula da Ilimin Fasaha ta fito da shirin ƙarin shekara ɗaya don mayar da babbar difloma digiri, Hukumar Kula da Jami'o'i ta ce ba ta san zancen ba. Wanda ya ga duk wannan, hankali ne ya sa shi guje wa kwaleji.

Ke nan gwamnati da kanta, a matsayinta na babbar mai ɗaukar ma'aikata kuma mai tsara takardun shaida, ita ta tara jama'a a ƙofar jami'a. Gyaran wannan kuwa ba ya cin kuɗi kamar gini. Doka yake buƙata, da daidaito tsakanin hukumomin da hedikwatar mafi yawansu ke cikin birni ɗaya.

Abin da Ya Kamata a Yi

Mataki na farko shi ne a mayar da manyan makarantu tsani guda mai matakala a jere. Jihar Kalifoniya ta Amurka ta yi haka a tsarinta na 1960: manyan jami'o'in bincike suka ɗauki kashi 12.5 cikin ɗari na waɗanda suka fi ƙwazo, jami'o'in jiha suka ɗauki kashi ɗaya bisa uku, kwalejojin shekara biyu masu rahusa suka buɗe wa kowa, tare da tabbacin cewa wanda ya yi ƙoƙari a kwaleji zai wuce jami'a da sakamakonsa. Wannan tabbaci shi ne ya sa mutane suka yarda su fara daga ƙasa. Muna da shiga kai tsaye zuwa aji biyu ga masu difloma da NCE, amma gurabenta kaɗan ne kuma babu tabbas. A Abuja ana iya ƙulla rubutacciyar yarjejeniya tsakanin Kwalejin Zuba da Jami'ar Abuja da NOUN da kwalejojin Nasarawa da Bida, a daidaita manhajar shekarun farko, a ware sanannen kaso na gurabe ga duk wanda ya kai wani matsayi. Dokar 2023 da ta ba kwalejojin ilimi na tarayya damar bayar da digiri tare da NCE ta nuna cewa ana iya rushe irin wannan shinge idan an ga dama.

Mataki na biyu shi ne kuɗi su bi ɗalibi. Wani kaso na TETFund ya kamata a raba shi bisa yawan ɗaliban da makaranta ta ɗauka a kwasa-kwasan da aka tantance, da yawan waɗanda ta yaye a kan lokaci. A kuma fara da abin da ke toshe gurbi na haƙiƙa. Sau da yawa abin da ke hana ƙara ɗalibai hamsin a sashen injiniya ko jinya shi ne malamai huɗu da ɗakin gwaji ɗaya da wutar da ba ta ɗaukewa. Tashar hasken rana mai megawat 7.1 da aka buɗe a Jami'ar Bayero a 2019, da shigar da Jami'ar Abuja cikin zagaye na biyu na shirin da ya samar da ita, misali ne na jarin da ke rage kashe kuɗin yau da kullum, matuƙar an kula da gyara.

Mataki na uku shi ne a ɗauki karatu daga nesa da muhimmanci. An kafa NOUN a 1983, aka dakatar da ita a 1984, sai a farkon shekarun 2000 aka farfaɗo da ita, kuma a yau tana da ɗalibai fiye da dubu ɗari. Ita kanta Jami'ar Abuja an kafa ta ne da nauyi biyu, karatun aji da na nesa. Birnin da ya cika da ma'aikata da matan aure da 'yan kasuwa masu son ƙaro ilimi ya fi ko'ina dacewa da wannan. Abin da ɗalibin nesa ke buƙata shi ne cibiya kusa da gida mai wuta da intanet da malamin da zai amsa tambayarsa. Makarantun sakandaren gwamnati a ƙananan hukumomi shida na yankin suna zama a kulle da yamma da ƙarshen mako, kuma gyara su ya fi gina sabuwar harabar jami'a sauƙi nesa ba kusa ba.

Mataki na huɗu shi ne a ba sana'a takarda mai daraja. Dubban matasa na koyon aiki a garejin Apo, da wurin kafintocin Kugbo, da kasuwar kayan gini ta Dei-Dei, da shagunan gyaran waya na Wuse. Ilimi ne na gaske, ba tare da gwamnati ta kashe kwabo ba. Tsarin shaidar ƙwarewar sana'a na ƙasa yana nan, haka makarantar sakandaren kimiyya da fasaha ta tarayya da ke Orozo da cibiyar koyar da sana'a ta asusun horas da ma'aikatan masana'antu, ITF. Idan aka jarraba yaron da ya yi shekara huɗu a hannun maigidansa aka ba shi shaidar da za ta shigar da shi difloma, an samar da gurbi a farashi mafi araha.

Abin da Masu Suka Za Su Ce

Za a ce yankunan da aka bari a baya suna da haƙƙin samun tasu jami'ar, kuma da babu gara ba daɗi. Ƙorafin mutanen Abaji da Kwali a kan wannan gaskiya ne, domin ƙasarsu aka karɓa aka gina birnin. Amma abin da suke bin ƙasa shi ne 'ya'yansu su yi karatu mai inganci, kuma keɓe musu gurabe da tallafin karatu a makarantun da ke aiki zai biya wannan bashi tun bana. Idan Hukumar Birnin Tarayya, wadda kasafinta na 2025 ya haura naira tiriliyan ɗaya da rabi, za ta kammala makarantar Abaji, to ta yi ta da cikakken tanadin albashi da kayan aiki na shekaru, ta kuma karkata ta ga fannonin fasaha da birnin ke nema.

Za a kuma ce wannan tsari zai tura 'ya'yan talakawa kwaleji, 'ya'yan masu hali su riƙe jami'a. Wannan haɗari ne na gaske, kuma a Kalifoniya ma ba kowane ɗan kwaleji ne ke kai wa jami'a ba. Sai dai rarrabuwar ta riga ta faru a yau, ba tare da wata hanyar hawa ba. Maganin haɗarin shi ne a riƙa wallafa alƙaluman waɗanda suka wuce daga mataki zuwa mataki kowace shekara, a kuma ɗaure kason kuɗin jami'a da cika alkawarin da ta ɗauka.

Kammalawa

Dakatar da kafa sababbin makarantu mataki ne da ya dace, amma shi kaɗai ba ya ƙara wa kowa gurbi. Za a auna shi ne da abin da aka yi da shekarun bakwai: malamai nawa aka ɗauka, kwasa-kwasai nawa suka samu cikakkiyar tantancewa, masu difloma da NCE nawa suka wuce zuwa digiri, kuma ko an kawar da bambancin takardu a aikin gwamnati. Abuja ce ta fi dacewa a fara gwajin, domin mafi yawan hukumomin da za su sa hannu suna cikinta, makarantun da za a haɗa ba su da nisa da juna, buƙatar kuma tana ƙaruwa kowace shekara. Ƙarancin kuɗi ya iyakance abin da za a iya ginawa, amma daidaita manhaja da gyara ƙa'idar rabon kuɗi da mutunta takardar mai sana'a duk suna cikin ikon gwamnati a yau. Wajibi ne malaman jami'a da shugabannin kwalejoji da iyaye su matsa a yi su, su kuma nemi a riƙa bayyana wa jama'a sakamakon kowace shekara.